Lafiya uwar jiki: Kayen mai ciwon ɓarin kai

Ciwon ɓarin kai ba kamar sauran ciwon kai ba ne. Yakan kama gefe guda, yana sara kamar ana daka a turmi. Mai shi yakan ji tashin zuciya, wani har ya yi amai. Ba ya son haske, ba ya son ƙara. In ya taso yakan yi awa 4, wani lokaci har kwana 3. A duniya, cikin mutum 7 kusan 1 yana da shi, kuma ya fi kama mata.

Gwajin jini ba ya nuna wannan ciwo, hoton kai ma ba ya nuna shi. Da labarin mai ciwo likita yake aiki. Shi ya sa yakan ce a sami kaye, a riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, da daɗewarsa, da maganin da aka sha. Mako na farko ana rubutawa. Kafin wata ya mutu, kaye ya koma ƙarƙashin tabarma.

Ba lalaci ba ne. Ranar ciwo mutum yana kwance cikin ɗaki mai duhu, ko kallon farar takarda ƙara masa ciwo yake yi. Wanda bai daɗe da koyon karatu ba, layi biyu aiki ne gare shi ko da lafiyarsa lau. Washegari kai ya saki, ga noma ya tsaya, ga daka, ga ɗiban ruwa. Wa zai zauna yana tuna abin da yake so ya manta? Makiyayi kuwa yana daji da bisashe, kaye yana gida. Sai ranar komawa likita ta kusa, a zauna a cike shafi duka da ka.

Wannan ba halin mutanen karkara kaɗai ba ne. A shekara ta 2002 masu bincike a Amurka sun ba masu ciwo mai daɗewa littafin rubutu. Sun ɓoye wata ƴar na'ura a ciki, mai ƙirga lokacin da aka buɗe shi. Bisa abin da mutanen suka rubuta, sun cika kashi 90 cikin 100 a kan lokaci. Na'ura ta nuna kashi 11 ne kawai.

Cikewa da ka tana ɓatar da likita. Zuciya tana riƙe ranar da ciwo ya kayar da mutum, ta bar ƙananan ranaku, waɗanda aka haɗiye ƙwaya biyu aka fita gona. To, su ne likita ya fi bukata. Wanda yake shan farasetamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata 3, maganin da kansa yana iya zama mai kawo ciwon kai. In tramol ne, ko ƙwayoyin haɗe-haɗe na masu talla a kasuwa, kwana 10 sun isa. Wanda kuma ciwon yake kama shi kwana 4 ko fiye a wata, likita yana iya ba shi maganin rigakafi na kullum. Duka wannan lissafin kwana ne.

Saboda haka a rage aikin. Layi ɗaya ga kowace rana, a cika shi bayan sallar lisha. Ranar ciwo a yi X, ranar lafiya a yi O, ranar da aka sha ƙwaya a ƙara ɗigo. Mace ta ja layi ƙarƙashin kwanakin al'adarta, don ciwon yakan bi su. In ciwo ya hana riƙe biki, ɗan lakwal na gida ya sa alamar. Makiyayi ya ɗaura igiya ga sandarsa, ƙulli ɗaya ranar ciwo, biyu in ya sha magani. Ranar da aka manta a bar ta haka, gurbi ya fi ƙarya amfani. Zancen ko zafin rana ne, ko yunwa, ko rashin barci, ko rashin shayi, a bar shi sai an zauna da likita.

Akwai ciwon kan da ba a jira a rubuta. In ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin bazara, yana iya zama sanƙarau. In ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kai mutum likita nan take.