Mudun Awa Ashirin Yana Hannun Wa?

A kasuwar Juma'a ta Wudil, ba mai sayen hatsi ya bar mai sayarwa ya juya masa baya yana awo. A harkar lantarki kuwa, haka ake cinikin.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, bisa sharaɗin wutar awa 20 a rana. Bayan 'yan watanni kamfanin KEDCO ya yanke wa Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil wuta saboda bashi. An yi ta muhawara a kan kuɗin. Tambayar da ta fi nauyi ba ta samu masu yi ba: awa nawa wutar ta yi a layin, kuma littafin wa za a buɗe a gani?

Littattafan da yawa. TCN na da nasa lissafin na abin da ya sauke a tashar Kumbotso, KEDCO na da nasa na layukan rabawa, cibiyar kula da babban layi da ke Oshogbo na da nata. Idan wuta ta ɗauke, kowa ya nuna ɗan'uwansa, mai injin niƙa kuma ya biya. NERC ta umarci kamfanonin rabawa su riƙa wallafa sa'o'in rukunin A, amma wannan shaidar mai sayarwa ce a kan kansa. A watan Afrilun nan dai hukumar ta ci kamfanin Abuja tarar naira miliyan 200 saboda ɗora sabon farashin a kan waɗanda bai shafa ba.

Abin da ake bukata rumbun bayanai ne guda, wanda mitocin tashoshi da na layuka za su riƙa zuba alƙaluma a cikinsa kai tsaye, ba tare da hannun ma'aikaci ba, kuma ba mai iya gogewa.

Za a ce tsaro. Barazanar gaskiya ce: a Disambar 2015 masu kutse sun kashe wa dubban gidaje wuta a Yukuren. Sai dai na'urar da ke buɗe layi da rufe shi daban, rajistar sa'o'i daban. Ta farko a kulle ta da kyau. Bayanan gidajen mutane kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta riga ta tanadar musu kariya. Adadin awannin da layin Wudil ya samu jiya ba ya cikin ko ɗaya daga cikin biyun, kuma shi ne abin da ma'ajin jami'a yake bukata kafin ya sa hannu a takardar biya.