Ƙaramin Gari Ba Abin Raini Ba Ne

Yau ina so mu yi tafiya tare. Ba sai ka sayar da akuya ba, ba sai ka ranci kuɗin mota ba. Tun da ka iya karatu, wannan takarda ita ce motarmu. Za mu ziyarci wani ƙaramin birni mai suna Moroni. In mun dawo gida, ina da magana da kai.

Ina ne Moroni?

Moroni shi ne babban birnin ƙasar Komoro. Ƙasar ta Afirka ce, amma a tsakiyar teku take, can gabas, tsakanin Mozambik da Madagaskar. Tsibirai uku ne ke hannun gwamnatinta: Ngazija, da Nzuwani, da Mwali. Ka san tsibiri? Tuna da damina, lokacin da tabki ya cika ya bar ɗan tudu a tsakiya, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. To, wannan tudun shi ne tsibiri. Sai dai nasu ruwan ba ya ƙafewa da rani, kuma na gishiri ne, ba ya shawuwa.

Hanyar da nisa. Daga Magarya sai ka hau mota zuwa Damagaram. Daga Damagaram sai Yamai, wajen kilomita 900. Daga nan sai jirgin sama zuwa Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Sannan wani jirgin ya sauke ka a Hahaya, wajen kilomita 20 arewa da Moroni.

Abin da za ka gani

Da ka shiga gari, za ka ga wani farin masallaci a bakin ruwa. Tsohon masallacin Juma'a ke nan, wanda aka ce tun shekarar 1427 yake. Za ka ji ladan yana kiran salla kamar a garinku, don kusan duk mutanen ƙasar Musulmi ne. Yaransu suna zuwa makarantar allo, suna kuma zuwa lakwal su koyi Faransanci. A gida kuwa harshensu suke yi, Shikomori, ɗan'uwan Suwahili. Faransa ta mulke su kamar yadda ta mulke mu. Mu mun samu ƴancin kai a 1960, su kuma ran 6 ga watan Yuli na 1975.

Bayan masallacin akwai tsohon gari mai ƙananan lunguna. In ka taɓa shiga unguwar Birni a Damagaram, ba za ka ji baƙunta ba. Akwai babbar kasuwa mai suna Bolo-Bolo. Can za ka tarar da kwakwa, da ayaba, da rogo, da ɗanyen kifi. Ka san kanumfari da ake sa wa kunu da yaji? To, su noma shi suke yi. Suna kuma noma wani fure mai suna ilan-ilan, wanda ake tatsar mansa a kai Turai a yi turare mai tsada. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai su fitar da wannan mai.

In ka ɗaga kai, za ka ga wani ƙaton dutse a bayan gari. Sunansa Kartala, tsawonsa mita 2,361. Dutse ne mai aman wuta. Mutane na kwana a gindinsa suna tashi, sun saba.

Ga wani abin mamaki. Ana ruwan sama sosai a tsibirin Ngazija, amma babu kogin da ke gudu duk shekara. Ƙasar duk tsakuwar dutse ce, da ruwa ya sauka sai ta shanye. Don haka mutanen ƙauye suke gina manyan kwatarniyoyi na siminti, su tara ruwan sama. A shekarar 2005 Kartala ya yi aman toka, tokar ta zuba cikin ruwan da suka tara. Dubban mutane suka rasa na sha. Ka ji fa! Teku ta kewaye mutum, ga shi yana kukan ƙishirwa. Mu da ake ce wa ƴan bakin hamada, a fadamun Korama, wajen Bande da Waca da Guci, ɗan haƙa kaɗan za ka yi ka tarar da ruwa. Da shi muke noman rake da kayan lambu.

Mu ƙirga

A ƙidayar da aka yi a Nijar a 2012, gundumar Magarya tana da mutum fiye da 570,000. Gundumar Dungas tana da fiye da 350,000. In ka haɗa, sun haura 900,000. A ƙidayar 2017 kuwa, duk ƙasar Komoro ba ta kai mutum 800,000 ba. Ashe gundumominmu biyu sun fi ƙasa guda yawan jama'a! Shi kansa Moroni bai kai Damagaram girma ba, ko kusa.

Duk da haka ba su raina kansu ba. A watan Janairu na 2022, ƴan ƙwallonsu suka je gasar cin kofin Afirka a Kamaru, zuwansu na farko ke nan. Suka ci Gana 3 da 2, Gana ta koma gida. A 2023 kuma shugabansu, Azali Asumani, ya riƙe shugabancin Tarayyar Afirka na shekara guda. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba su taɓa cewa ƙaramin gari abin kunya ne ba.

Ba aljanna ba ce

Kada ka ce na kai ka aljannar duniya. Talauci ya yi musu katutu. Shinkafar da suke ci, yawancinta daga waje ake kawowa. Tun daga 1975 an yi juyin mulki, ko yunƙurin yin sa, kusan sau 20. Ƴaƴansu da yawa sun tafi neman kuɗi Faransa, musamman birnin Marsai.

Akwai kuma tsibiri na huɗu, Mayot. Lokacin neman ƴancin kai, mutanensa suka zaɓi su zauna ƙarƙashin Faransa. Komoro ba ta yarda ba, tana cewa nata ne. Tsakanin Nzuwani da Mayot wajen kilomita 70 ne kawai. Daga 1995 Faransa ta ce ba mai shiga Mayot sai da biza. Sai mutane suka koma shiga ƙananan jiragen ruwa da dare, waɗanda ake kira kwasa-kwasa. Ana cika su fiye da kima, har da mata masu ciki da jarirai. Dubbai sun nutse a wannan ɗan tsakani.

Wannan labari bai tuna maka komi ba? A watan Oktoba na 2013, motoci suka lalace wa wasu matafiya a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara. Ƙishirwa ce ta kashe su. Da yawa daga cikinsu ƴan kudancin jihar Damagaram ne, wajen Kance, maƙwabtanmu. Su can ruwa ke cinye nasu, mu nan rashin ruwa. Amma ciwon ɗaya ne: mutum ya ɗauka arziki yana can ƙetare, nan gida ba komi.

Ga ra'ayina

Yanzu mun dawo gida, bari in faɗa maka abin da ke raina. Mu mutanen Magarya da Dungas mun cika raina namu. Yaro ya san sunan Kano, da Legas, da Agadas, da Tamanraset. Amma tambaye shi ina ofishin magajin garinsu yake, sai ya yi shiru. Akwai dattijon da ya yi cin rani sau goma a Najeriya, bai taɓa taka ofishin aikin gona na gundumarsa ba. A ganina wannan kuskure ne babba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce: "Malam, ai ba raini ba ne, yunwa ce. Gonaki sun tsuke, mutane sun yi yawa, gero ba ya kai mu wata shida." Gaskiyarka. Ni ma ban ce kowa ya zauna ya rungume hannu ba. Cin rani ba yau aka fara ba, iyayenmu sun yi, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma tafiya iri biyu ce. Akwai wanda ya fita da takardunsa a aljihu, ya san inda za shi, ya san ranar dawowa. Akwai kuma wanda ya miƙa ransa da na ƴaƴansa ga direban da bai sani ba, cikin dare, a ɓoye. Na farko matafiyi ne. Na biyu caca yake yi da rai.

Takardun nan kuwa a ina ake samun su? A ƙaramin birnin nan da kake rainawa. Can ne ake rubuta haihuwa. Can ne alƙali yake, da babbar likita, da ma'aikatan gona da na dabbobi. A da, Dungas tana ƙarƙashin Magarya. A 2011 aka ba ta gundumar kanta, tare da Dogo-Dogo, da Guci, da Malawa. Amfanin haka shi ne hukuma ta matso kusa da talaka. To, in ta matso kai kuma ka ƙi zuwa, wa ya yi hasara?

Wani zai ce: "Na taɓa zuwa, aka bar ni zaune tun safe har azahar." Ana yin haka, ban musa ba. Amma da can ba ka iya karatu ba. Sai an nuna maka ƙofa, sai an karanta maka takarda, sai ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka sani ba. Yau fa? Kana iya karanta allon da ke bakin ofis. Kana iya duba ko an rubuta sunan ɗanka daidai. Kana iya sa hannu da alƙalami, ka nemi rasit in ka biya kuɗi. Mai karatu ba a juya shi kamar waina.

Don haka ga shawarata. Ran kasuwa mai zuwa, in ka shiga Magarya ko Dungas, kada ka tsaya ga sayar da riɗi da gyaɗa kawai. Ka zama baƙo mai buɗe ido, kamar yadda muka yi a Moroni. Zaga gari. Karanta kowane allo da ka gani. Rubuta sunayen ofisoshi a littafinka, da aikin kowane. Shiga meri ka tambayi yadda ake yi wa jariri takardar haihuwa, da kwana nawa doka ta ba ka. Ke ma ƴar'uwa, in kin kai yaro awo, tambayi ranar rigakafi ki rubuta da hannunki. In kun dawo aji, kowa ya karanta wa ƴan'uwa abin da ya samo.

Mutanen Moroni suna zaune a gindin dutse mai wuta, teku ta tsare su gaba da baya, amma sun riƙe garinsu har duniya ta san da shi. Mu muna da fadama, da kasuwa, da iyaka kusa, da jama'a mai yawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin ka tambayi hanyar Aljeriya, fara sanin hanyar meri ta garinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Amin.