Kwikwiyon gadi da fitsarin zaure: laifin wa?

 

Saƙon da na zaɓa yau daga unguwar Titirou ya fito, a nan Parakou. Wata uwargida ce ta turo. Maigidanta yana fataucin hatsi tsakanin Parakou da Djougou, wani sa'in ya yi kwana huɗu bai kwana a gida ba. Bayan an taɓa fasa musu sito cikin dare, sai ya samo kwikwiyo ɗan wata biyu don ya girma ya yi gadi. Yau wata guda ke nan, ɓarawo bai dawo ba, amma gida babu zaman lafiya. Kwikwiyo ya yi fitsari a zaure inda maza ke shimfiɗa tabarmar salla, ya yi kashi a bayan buhunan masara, ya jiƙa ƙofar maƙwabciyar da suke haya tare. An doke shi, an goga masa hanci a wurin, duk a banza. Magana ta kai ga mai gidan haya, shi kuma ya ce su zaɓa: ko kare ya fita, ko su. Tambayarta ita ce, a kai shi bayan gari a yar, ko akwai dabara?

Hajiya, akwai dabara, kuma ba ta cin kuɗi. Lokaci take ci, shi ne kuwa abin da ɗan kasuwa ya fi ƙarancinsa.

Ba taurin kai ba ne

Ɗan kare mai wata uku jariri ne. Mafitsararsa ƙarama ce, kuma bai gama iya riƙe ta ba. Ƙiyasin da likitocin dabbobi ke yawan bayarwa shi ne awa ɗaya ga kowane watan haihuwa: ɗan wata biyu awa biyu, ɗan wata uku awa uku. Yawancinsu sai sun kai wata huɗu zuwa shida kafin su iya riƙewa sosai, wasu ma su ɗara haka. To idan an rufe shi a zaure tun bayan asuba, kowa ya kama gabansa, yara makaranta, maigida kasuwar Arzeke, ba a waiwaye shi ba sai azahar, me ake tsammani a tarar?

Batun duka kuma, kare yana haɗa abin da ya aikata da sakamakonsa ne a cikin 'yan daƙiƙoƙi kawai. Idan ka dawo ka tarar da fitsarin da ya yi awa biyu baya, ka ɗauki bulala, abin da ya koya shi ne: dawowar wannan mutumin masifa ce. Wannan sunkuyar da kai da matse wutsiya da muke cewa "ai ya san laifinsa", tsoro ne tsagwaronsa. Daga nan sai ya daina yi a gaban mutane, ya koma yi a ɓoye, a bayan buhu ko ƙarƙashin gado. Wani ma da ya ji tsawa sai fitsarin ya kuɓuce masa nan take. Kuma karen da ya tashi cikin duka, ɗayan biyu ne: ko ya zama matsoraci da zai shige ƙarƙashin amalanke ranar da ɓarawo ya zo, ko ya zama mai cizo ba gargaɗi, wanda zai fara da yaran gida. Ba don wannan aka kawo shi ba.

Wuri ɗaya, mutum ɗaya, lokaci ɗaya

A zaɓa masa kusurwa guda a tsakar gida, nesa da rijiya, da randa, da madafi, da inda yara ke wasa. A zuba yashi. Idan gidan duk siminti ne, kamar yawancin gidajen haya, a samu rabin duro ko tsohon baho mai faɗi a cika da yashi. Kare yana sabawa da irin ƙasar da ƙafarsa ta taka lokacin da yake biyan buƙata tun yana ƙarami, shi ya sa wanda ya saba da tabarma zai ci gaba da neman tabarma. A ɗauki tsumman da aka goge fitsarinsa da shi a binne sama-sama a cikin yashin, hancinsa zai kai shi. A kuma kafa ɗan kwano a sama, domin daminar Parakou tana ɗaukar wajen wata shida, kuma kwikwiyo ba ya son tsayawa cikin ruwa. In babu rumfa, zaure zai koma.

Sai a ɗora aikin a kan mutum guda. Gidan da kowa ke da alhaki, babu mai alhaki. In maigida matafiyi ne, to tun kafin ya kawo kare ya kamata a zauna a yanke wa zai kula da shi, ko uwargida in ta yarda, ko babban yaro, ko yaron shago. Ba adalci ba ne Alhaji ya sauke kwikwiyo daga bayan babur, gobe ya hau mota zuwa Malanville, ya bar mace da goyo da girki da wankin najasa. Wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Lokaci kuwa, mu ba mu da matsalar agogo, ladan yana kira sau biyar. A kai shi kusurwarsa da asuba, da azahar, da la'asar, da magariba, da bayan isha. Tsakanin asuba da azahar akwai nisa, don haka a ƙara sau biyu, ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya da hantsi. Wanda bai kai wata huɗu ba yana bukatar sau ɗaya cikin dare. Ban da waɗannan, akwai lokuta uku da ba sa kuskure: da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci abinci da kamar minti 10 zuwa 30, da bayan ya gama wasa. In kin ga yana shinshina ƙasa yana zagaye wuri ɗaya, to kada ki tsaya kiran yaro, ɗauke shi kawai ki kai shi yashi.

Idan an kai shi, a tsaya da shi kamar minti biyar, ana maimaita kalma ɗaya. A gidajenmu na nan ana jin Hausa, da Dendi, da Bariba, da Faransanci a rana guda. Shi kare ba ruwansa da yare, amma a tsaida kalma guda, kowa ya riƙa faɗinta. Da ya gama, nan take a yaba masa, a ba shi ɗan guntun wagashi ko gayan tuwo kamar kan yatsa. Nan take fa, ba sai an koma ɗaki ba. In kuma an kama shi yana tsaka da yi a zaure, tafi ɗaya ya isa ya katse shi, a ɗauke shi zuwa kusurwa, in ya ƙarasa a can a ba shi ladarsa.

Sauran lokutan da babu mai ido a kansa, a sa shi a ɗan akurki a inuwa, daidai yadda zai miƙe, ya juya, ya kwanta. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, wannan ɗabi'ar ce za ta koya masa riƙewa. Amma akurki ba kurkuku ba ne. In aka bar shi ciki fiye da awannin da zai iya, dole ya yi, kuma in ya saba kwana cikin ƙazantarsa an ɓata dabarar gaba ɗaya. Zaure, da sito, da ɗakuna kuwa a rufe masa su. Karen gadi ba shi da aiki a can.

Abinci ma yana cikin lissafi. Sau uku a rana a kan lokaci, a ɗauke kwanon bayan kwata. Abin da ya shiga kan lokaci, kan lokaci yake fita. A guji zuba masa ragowar miya mai yaji da albasa. Yaji yana sa shi gudawa, albasa kuma tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya. Masu sayar da goro su ma su kula, domin abin da ke cikin goro mai hana mu barci guba ne ga ɗan kare. Ruwa kuwa kada a hana shi don gudun fitsari, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Wanki iri biyu

Nan ne mutanenmu suka fi damuwa, kuma da gaskiyarsu. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma ruwa tsarkakakke ne ke gusar da hukuncinta. Bushewa kaɗai ba ta wadatar ba. Mai son bayani filla-filla ya zauna da malamin unguwarsu.

Sai dai akwai wanki na biyu, na hancin kare. Wurin da mu muka ji ya daina wari, shi yana jin sa sarai, kuma warin ne ke ce masa nan ne bayan gida. Don haka a tsane fitsarin da tsumma ko toka, a wanke da sabulu, a zuba ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a bar shi ɗan lokaci, sannan a kwarara ruwa zalla a ƙarshe. Mai amfani da ruwan jabel kada ya zuba shi kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu tana tada iska mai cutar da ƙirji. A fara ɗaurayewa tukuna. Tabarmar kaba da ta sha fitsari sau da yawa, gara a haƙura da ita.

Kashi kuma a kwashe shi kullum. Ƙananan karnuka da yawa da tsutsar ciki ake haifarsu, ƙwanta yana fita cikin kashi, kuma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya kama mutum. Wato wanda aka kwashe yau ba shi da wannan haɗarin, wanda aka bari a lungu shi ne ke jiran yaro mai rarrafe.

Yaushe za a nemi likita?

Idan yana fitsari ɗis-ɗis sau da yawa, ko yana nishi, ko akwai jini, wannan ba batun horo ba ne, ciwo ne. Haka gudawa mai jini da amai, tana iya kashe kwikwiyo cikin kwana kaɗan. A kai shi wurin likitan dabbobi, a nemi maganin tsutsa, a kuma yi masa allurar haukan kare da ya cika wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In kare ya ciji wani, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar. Takardar allurar kuma a adana ta, ita ce za ta kwantar da hankalin mai gidan haya da hukuma in wani abu ya taso.

Masu gida biyu, ɗaya a Parakou ɗaya a Djougou, su sani cewa horon ba ya bin kare a mota. In aka kai shi sabon gida, sai an sake nuna masa kusurwarsa daga farko, ko da yake karo na biyu ya fi sauri. Abin da ya fi, a bar shi wuri ɗaya har ya kai wata shida.

Saura maƙwabciya. Kakanninmu da suka yada zango a Djougou a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, ba su zauna lafiya a ƙasar wasu da ƙarfi ba, da kyakkyawar mu'amala suka zauna. Hajiya, ki je da kanki, da bokitinki da sabulunki, ki wanke mata ƙofa, ki ba ta haƙuri, ki nuna mata kusurwar da aka ware. Maigida kuma ya samu mai gidan haya ya roƙi wa'adin wata ɗaya. Idan aka bi tsarin nan ba fashi, cikin mako biyu zuwa uku za a ga bambanci, ko da yake za a riƙa samun kuskure jefi-jefi. In kuwa kun duba kun ga babu mai lokacin yin wannan hidima a gidan, to ku mayar da shi inda aka karɓo shi, ko ku ba mai gona ko makiyayi da ke bukata. Yar da shi a bola zalunci ne, kuma ƙara karen titi ne marar allura a unguwar da 'ya'yanku ke wasa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake tanƙwarawa, ba da gatari ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake raba ɓera da sito ba tare da an zuba guba kusa da hatsi ba. Mai tambaya ya turo. Allah ya ba da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya.