Sayen kundin kammala karatu: lokacin da mai rubutun ya koma na'ura

A Yauri, ƙaramar hukumar da ke gundumar Kance, kusa da Matameye, iyali kan sayar da hatsi ko tunkiya don yaro ya kai jami'a. Bayan samun Bak, da yawa sukan nufi Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A ƙarshen lisans ko mastar, sai an rubuta kundi an kare shi gaban malamai. A nan ne wasu ɗalibai ke neman gajeriyar hanya, su biya wani ya rubuta musu.

Wannan ciniki ba sabo ba ne. Abin da ya canza shi ne mai rubutun. Tun bayan fitowar ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, aikin da ke cin makonni yana iya fitowa cikin dare guda. Ɗalibi yana zaton ya sayi guminsa na wani masani, alhali shafukan da na'ura ta zuba ne aka miƙa masa.

Haɗarin ya fi girma a kan batutuwan gida. Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira sun koyi magana ne daga rubutun da ke intanet, kuma abin da aka rubuta kan Yauri kaɗan ne. In aka tambaye su amfanin noman rake a kwarin Matameye, ko yawan 'yan mata da suka bar makaranta a wani ƙauye, ba kasafai suke cewa ba su sani ba. Sukan haɗa alƙaluma masu kama da gaskiya, har da sunayen littattafan da ba a taɓa bugawa ba. Ko lauyoyi sun faɗa wannan rami: a watan Yunin 2023, wata kotu a New York ta ci wasu tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira.

Ranar kare kundi, malamin da ya san yankin tambaya ɗaya ta ishe shi: wane ƙauye ka je, wa ka tambaya? Ɗalibi ne zai tsaya a wurin, ba wanda ya karɓi kuɗin ba. Kuma babu inda zai kai ƙara, tunda shi ma da laifinsa.

Dogaro da manhajojin gano rubutun na'ura bai wadatar ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna suna yawan ɗora zargi kan masu rubutu da harshen da ba nasu na uwa ba. Doka ma ba ta kashe kasuwar ba, ko da yake Ingila ta haramta wannan sana'a a 2022.

Abin da ya rage shi ne bibiya. Malami ya nemi takardun tambayoyin da aka cike a fili, da muryoyin da aka naɗa, ya ga aikin babi bayan babi. Wannan na buƙatar lokaci, a jami'o'in da ɗalibai suka yi wa malamai yawa.

Asarar ba ta tsaya kan ɗalibi ba. Bayan ƙidayar jama'a ta 2012, Nijar ta shafe shekaru da yawa ba ta kammala wata ba, don haka kundin ɗalibi kan zama ɗaya daga cikin 'yan takardun da ake samu kan wani ƙauye. In alƙaluman ƙarya suka shiga ɗakin karatu, wani zai kwafa gobe, har su kai teburin mai tsara rijiya ko asibiti. Mutanen Yauri ne za su biya kuɗin wannan kuskure karo na biyu.