Karatu Ba a Aji Kaɗai Yake Ba

A zaurukan malaman Daura, ɗalibi ke zuwa da littafinsa. Wani yana Ahalari, wani ya kai Risala, kowa daidai ƙarfinsa, ba ƙararrawa, ba jarrabawa. A Sakkwato ma, kafin rasuwarta a 1864, Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, masu kai wa mata karatu har gida.

A boko kuwa, sau da yawa yaro kan haddace don jarrabawa, ta wuce ya manta. Don haka muna kira ga malaman boko da na zaure, da iyaye masu koyarwa a gida, su riƙa zama tare kowane hutu suna ƙaruwa da juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya iya neman ilmi da kansa, karatunsa ba ya ƙarewa ranar sallama.