Ƙofar mai kemis har yau a buɗe take

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Larabar da muka kai 'yar maƙwabcina makwancinta, yarinya 'yar shekara 17 wadda da ni aka raɗa mata suna, wadda jini ya ƙare mata cikin dare bayan wani mai kemis ya yi mata allura, ya haɗa mata da ƙwayoyi, domin cikin da ke jikinta ya zube. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata.

Ba a share makoki ba sai na ji wani babban jami'i a rediyo yana cewa 'yan matan zamani su suka jawo wa kansu. Su kaɗai, ya Edita? Wanda ya yi mata cikin, wallahi da idona na gan shi a sahun jana'iza, ya sha babbar riga, babu wanda ya ce masa kanzil.

Kada a ɗauka ina neman halatta abin da Allah ya haramta. Mu mabiya Malikiyya ne, kuma malamanmu sun tsananta a wannan mas'ala tun daga lokacin da ciki ya shiga, ko da yake wasu fuƙaha'u na Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120, wato kafin a busa rai, idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Duk wanda ya sauke Risala a zaure kuwa ya san an wajabta gurra, wato diyya, a kan wanda ya yi sanadin faɗuwar ɗan tayi, dinari 50 ko dirhami 600. Haka nan dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14, sai fa inda aka yi domin ceton ran uwa. To, da shari'a da doka duk sun ambaci hannun da ya aikata, amma mu yarinyar kaɗai muke zagi, ita da ba ta da bakin kare kanta.

Su kuma iyaye, da suka ɗora mata farantin talla tun ba ta san dama da hagu ba, suka kuma sa ta ji tsoron abin kunya fiye da tsoron mutuwa, fa? Da shugabannin da suka zuba ido tsadar lefe ta hana samari aure, suka bar kowane mai shago ya zama likita?

Jiya da magariba na wuce ta gaban kemis ɗin nan, fitila a kunne, mata biyu a kan benci suna jiran layi.

Naka,
Wani dattijo mai karanta jaridarka, Zariya