Kafin Gonakin Inabin Bordo, A Fara Ganin Tattasan Komadugu

Akwai wani ciwo da ya daɗe yana cin ƴan bokon ƙasar Nijar. A tambayi wanda ya yi karatun Faransanci mai zurfi yadda ake shirya ziyarar farko zuwa gonakin inabin Bordo, nan take zai zuba bayani: a tafi cikin watan Satumba lokacin tsinka, a bi gaɓar kogin Garon, a tuna da jerin darajar gonaki na shekarar 1855. Galibinsu ba mashaya ba ne, ba su kuma taɓa taka wurin ba. Amma a tambaye shi watan da ake tsinkar tattasai a kwarin Komadugu, sai ya yi zuru. Wannan jahilci abin kunya ne, yana kuma jawo wa manoman Difa hasara.

Abin da ya ɗaukaka inabin Faransa bai tsaya ga ƙasa da ruwa ba. Mutane ne suka je, suka duba, suka rubuta, suka raɗa wa kowace gona suna, har doka ta 1935 ta kare sunayen. A 2015 hukumar Unesko ta sanya gonakin Burgonyi da na Shampanyi cikin kayan gadon duniya. A cikin Fabrairun wannan shekarar ce Boko Haram ta auka wa Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka taƙaita taki da man fetur, aka kuma hana cinikin tattasai bisa zargin kuɗinsa na shiga hannun maharan. Sai a 2017 aka ɗage hanin. Amfanin gonar da ake yi wa kirari da jan zinariyar Manga ya zama abin tuhuma, masu alƙalami kuwa ƙalilan ne suka ɗaga murya, domin ba a kare abin da ba a sani ba.

To, wanda zai je kwarin karo na farko, ya yi shiri irin wanda zai yi wa Bordo. Ya fara da lokaci. Ana dashe a ƙarshen damina, ana tsinka cikin sanyin hunturu, a shanya a rana har ya bushe, sannan a ɗura a buhu. Baƙon da ya zo da bazara kogi busasshe zai tarar, ya koma yana cewa babu komai a can.

Ya kuma san kogin. Komadugu Yobe ita ce iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150, kafin ta faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa, kuma madatsun Tiga, ta 1974, da Calawa, ta 1992, duka a jihar Kano, suna da hannu a yawan abin da ke isowa. Manomin Geskeru da na Shetimari suna jiran ruwan da wasu ke riƙe da makullinsa a wata ƙasa. Wata shekara ya yi ƙaranci, wata kuma, kamar 2019, ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje.

Ya san mutanen. Barebari ne mafi yawan manoman, sai ya koyi gaisuwa da Barbarci, ya nemi iznin mai gari kafin ya shiga gona. Ya tambayi kuɗin man injin ban-ruwa, da bashin da ake ci wurin ɗan kasuwa a biya da buhuna bayan tsinka, da dalilin da ya sa mafi yawan amfanin ke ƙetarawa kasuwannin Najeriya, inda faɗuwar naira ke zaftare ribar. Wannan ita ce ziyara. Abin da tawagogin Yamai suka saba yi, su sha tafiyar kilomita fiye da 1,300, su yi jawabi a zauren taro, su ɗauki hoto da buhu guda su juya, yawon buɗe baki ne kawai.

Za a ce babu tsaro. Gaskiya ne, kuma mai hankali ba zai nufi bakin kogi ba tare da shawarar hukuma da ta mutanen wurin ba. Amma dillalan buhuna suna nan cikin garin Difa, manoman da rikici ya kora suna zaune a gefen babbar hanyar kwalta, jami'ar da aka kafa a 2014 ma tana nan. Wanda ya kasa isa gona yana iya isa ga mai gona. Tsoro hujja ce ta yin hattara, amma bai wanke wanda ko tambaya bai taɓa yi ba.

Masoron Penja na Kamaru ya sami kariyar suna daga hukumar OAPI a 2013, kilishin Nijar da albasar Galmi sun bi sahu. Duk da rubutu aka kai ga haka: wace ƙasa, wane iri, wace hanyar sarrafawa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In har wannan matsayi yana da ma'ana, to malamai da ɗaliban Difa su rubuta kwarinsu da ita, gona bayan gona, yadda baƙon gobe zai iso da sani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai an shirya ake gani.